Daga Kasuwar Muda Lawal Zuwa Aji: Malamin Da Ake Mantawa Da Shi A Rigimar Harshen Koyarwa

Kasuwar Muda Lawal da ke cikin garin Bauchi kasuwa ce ta kayan abinci. A nan ake sauke tumatir da albasa da tattasai, da doya da dankali, da lemo da ayaba da kankana, wasu daga ƙauyukan jihar, wasu daga jihohi na kusa da na nesa. Sunan da take ɗauke da shi yana tuna wa masu shekaru da Mudashiru Lawal, ɗan Abekuta wanda ya ci ƙwallo ɗaya daga cikin ukun da Najeriya ta zura wa Aljeriya a wasan ƙarshe na cin Kofin Afirka a Legas, a 1980.

Duk wanda ya tsaya a cikinta ya kasa kunne zai ji Fulatanci da Jaranci da harshen Zaar, zai ji Yarbanci da harshen Ibo da Turancin buroka. Amma da zarar an zo ciniki, kusan kowa Hausa yake komawa. Mai kaya zai yi wa ɗan'uwansa magana da harshen gida, ya juyo ya ce wa mai taya “albarka”, sannan a je wurin mai POS a karɓo 'yar takardar da aka buga da Turanci. Babu hukumar da ta taɓa fitar da umarni kan harshen da za a yi ciniki da shi a wannan kasuwa. Bukata ce ta tsara komai, domin wanda bai fahimci abokin cinikinsa ba shi ne zai kwana da kayansa.

'Ya'yan waɗannan 'yan kasuwa, da na direbobi da 'yan dako da masu turin baro, su ne ke cika azuzuwan firamaren gwamnati a unguwannin da ke kewaye. A can kuwa al'amarin ya sha bamban. Harshen da za a yi musu magana da shi a aji batu ne da ake yanke hukunci a kansa a Abuja, kuma cikin shekara uku kacal an yanke shi sau biyu, hukunci na biyu yana rushe na farko. A duka lokutan biyu, wanda aka fi ɗora wa nauyi, kuma aka fi ƙarancin shiryawa, shi ne malamin da ke riƙe da alli.

Takardu biyu daga Abuja

Tun a 1977, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen al'ummar da makarantar take ciki. Gyare-gyaren da suka biyo baya, har da na 2004 da 2013, sun bar wannan tanadi: shekara uku na farko da harshen gida, Turanci yana matsayin darasi, daga aji huɗu kuma Turanci ya karɓi ragama.

A ranar 30 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabuwar Manufar Harshe ta Ƙasa. Wanda ya sanar da ita, Malam Adamu Adamu, Ministan Ilimi na lokacin, ɗan Jihar Bauchi ne daga Azare. Manufar ta tsawaita koyarwa da harshen uwa zuwa duka shekara shida na firamare. Ministan ya ce harsunan ƙasar sun kai 625, kuma bai ɓoye cewa aiwatarwa za ta ɗauki lokaci ba, saboda sai an samar da littattafai da malaman da za su iya.

A watan Nuwamban 2025, Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a wani taro kan harshe da ilimi da hukumar British Council ta shirya a Abuja cewa an soke wannan manufa, bayan zaman Majalisar Ilimi ta Ƙasa a Akure. Turanci ne harshen koyarwa daga ajin share fage har jami'a. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da, a cewarsa, suka wuce gona da iri wajen amfani da harshen gida.

Damuwar ministan tana da tushe. Da Turanci ake rubuta dukkan waɗannan jarrabawa, da shi ake neman aiki a ma'aikatun tarayya, kuma iyaye da yawa, har da masu sayar da gwari a Muda Lawal, suna cire kuɗi daga jarinsu su kai 'ya'yansu makarantun kuɗi don kawai su ji suna Turanci. Sai dai lissafi yana jawo tambaya. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023, shekarar farko bayan manufar 2022, ba zai zauna jarrabawar WAEC ba sai wajen 2035. Idan kuma tsohon tanadin 1977 ake nufi, masana harshe da suka soki matakin sun nuna cewa ba a taɓa aiwatar da shi da littattafai da horarrun malamai a yawancin makarantu ba. Abin da ya daɗe yana gudana a azuzuwa wani abu ne daban, wanda babu takardar da ta tsara shi. Ɗora wa harshen uwa laifin wannan, a ganinsu, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Hawa uku a bakin yaro ɗaya

Wanda ke zaune a ofis a Abuja yana iya ɗauka cewa batun Bauchi mai sauƙi ne: ƙasar Hausa ce, a koyar da Hausa ko a koyar da Turanci. Jihar kuwa tana da harsuna sama da 50 a ƙananan hukumominta 20. Akwai Zaar a Tafawa Ɓalewa da Bogoro, da Jarawa a Dass da Toro da kewayen Bauchi, da Warjawa da Fa'awa a ƙasar Ningi, da Miyawa a Ganjuwa, da Karekare a arewacin jihar, ga kuma Fulani a ko'ina. Shi kansa Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya kafa masarautar Bauchi, Bageri ne. Hausar ma ba iri ɗaya ba ce: Guddirancin ƙasar Katagum yana da kalmomi da lafazin da suka bambanta da Daidaitacciyar Hausa ta littattafai, wadda aka gina bisa Kananci.

Saboda haka yaro ɗaya yana iya zuwa makaranta da hawa uku a gabansa. Akwai harshen da kakarsa ke yi masa tatsuniya da shi, akwai Hausar titi da kasuwa, sannan akwai Turancin da ke jiran sa a allo. Ga ɗan cikin garin Bauchi, Hausa ta riga ta zauna a bakinsa kafin ya kai shekara shida, ko da iyayensa daga Inugu suka zo. Ga ɗan ruga ko ɗan ƙauyen da ke gindin duwatsun Bogoro, Hausar ma tana iya zama baƙuwa a ranar farko.

Akwai kuma wani ɓangare da Bahaushe ya kamata ya duba da idon adalci. Yaɗuwar Hausa ta haɗiye wasu harsunan jihar. Masana sun rubuta cewa harshen Ajawa ya mutu tsakanin 1920 da 1940, bayan masu shi sun koma Hausa, kuma wasu ƙananan harsuna na ƙasar Ningi sun bi sahu. Don haka idan aka ce “harshen al'umma” a wasu garuruwa, akwai iyayen da ke jin cewa ana nufin a ƙara danne nasu ne. Wasunsu sun gwammace Turanci, domin a ganinsu shi ba na kowa ba ne. Manufar 2022 ba ta warware wannan ƙulli ba, ta bar wa malami da hedimasta su san yadda za su yi.

Abin da ke faruwa idan an rufe ƙofar aji

Duk wanda ya yi firamaren gwamnati a Arewa ya san tsarin. Malami zai rubuta darasi a allo da Turanci, ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi. Sai ya juyo ya yi bayani da Hausa, domin ya ga idanu sun yi zuru-zuru. Idan lokacin gwaji ya zo, tambayoyi da Turanci suke zuwa. Yaro ya fahimci abin da Hausa amma ba a koya masa rubuta ta ba, ya kwafi Turanci a littafi amma bai san ma'anarsa ba. A wasu makarantun kuma, yaron da aka kama yana “banakula” a harabar makaranta tara ce ko bulala, alhali malamin da ya hukunta shi da Hausa zai yi masa bayanin lissafi bayan an dawo daga tara.

Malamin ba mugunta yake yi ba. Dabarar ɗan kasuwa ce yake amfani da ita, wato ya yi magana da harshen da za a gane. Bambancin shi ne ba a horar da shi yadda zai yi hakan bisa tsari ba, kuma yana yi ne kamar mai aikata laifi, yana sauya baki da zarar ya hango motar masu duba makarantu.

Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa yaran ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010, ƙarƙashin shirin da hukumar USAID ta Amurka ta tallafa, sun nuna cewa mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Wannan sakamako yana da muhimmanci ga muhawarar yau. Da a ce yaran sun ƙware a karatun Hausa sun gaza a Turanci, da sai a ce Hausa ce ta cinye lokacin. Abin da aka gani shi ne ba a koya musu karatu da kowane harshe ba.

Ga kuma tambayar da umarnin 2025 ya taso da ita: Turancin wa za a koyar da shi? A 2017, gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta jayayya kan yadda aka gudanar da gwajin, amma babu wanda ya musanta cewa akwai matsala, kuma ba a Kaduna kaɗai take ba. Malamin da shi kansa Turanci ke yi masa nauyi, idan aka hana shi Hausa, abin da ya rage masa shi ne karanta allo da sa yara haddar abin da ba su gane ba.

Darasi daga Beljiyam

Wannan matsala ba ta ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. A Beljiyam, yankin arewa da ake kira Filandas yana amfani da harshen mutanen Holan, wato Holanci. Mutanen yankin sun daɗe suna gwagwarmaya da mamayar Faransanci. Sai a 1930 Jami'ar Gent ta koma koyarwa da harshensu, kuma dokar 1963 ta ɗaure kowace makaranta da harshen yankinta. Saboda wannan tarihi, suna tsaron Holanci a makaranta kamar yadda ake tsaron gado.

Sai ga shi azuzuwansu sun cika da 'ya'yan baƙi masu jin Turkanci da Larabci da Faransanci da wasu harsunan. A makarantun Holanci na birnin Brasels, yaran da Holanci ne kaɗai harshen gidansu su ne 'yan tsiraru. Makarantu da yawa suka kafa dokar “Holanci kawai”, har da hukunci ga wanda ya karya.

Masu bincike sun bi diddigin abin da ya biyo baya. Reinhilde Pulinx da Piet Van Avermaet da Orhan Agirdag sun tambayi malamai 775 a makarantun sakandare 48, suka tarar sama da kashi uku cikin huɗu suna ganin bai kamata a bar yaro ya yi harshen gidansu a makaranta ba. Suka kuma gano cewa gwargwadon yadda malami ya riƙe wannan ra'ayi, gwargwadon yadda yardarsa da ƙwazon ɗalibansa ke raguwa. Shi kuwa Jürgen Jaspers, wanda ya zauna a azuzuwan Brasels yana kallon yadda ake koyarwa, ya ga malamai suna jaddada dokar a wani lokaci, a wani lokacin su da kansu su yi amfani da Faransanci don su fayyace darasi ko su kwantar da aji. Suna son yara su ƙware a Holanci domin shi ne hanyar samun aiki, amma kuma ba sa son su rasa yaran da ke gabansu.

Birnin Gent ya gwada wata hanya daga 2008 zuwa 2012, inda aka bar yara a wasu makarantun firamare su yi amfani da harsunan gida wajen taimakon juna, aka kuma horar da malamai yadda za su sarrafa hakan. Holancin yaran bai lalace ba, ko da yake bai yi wani tashin ban mamaki ba, amma sun ƙara sakin jiki da yarda da kai. A 2017 hukumar makarantun gwamnatin yankin ta fitar da jagora mai sassauci ga harsunan gida, abin da ya tayar da ƙurar siyasa. Daga 2021 kuma gwamnatin yankin ta fara gwada Holancin yara 'yan shekara biyar, domin a ba masu rauni ƙarin taimako kafin su shiga firamare.

Abin lura shi ne malamin Filandas yana koyarwa ne da harshen da aka haife shi a ciki, yana da littattafai, ajinsa ba ya cika maƙil, kuma ɗalibinsa yana jin Holanci a titi da talabijin. Duk da haka doka ita kaɗai ba ta iya hana shi sauya harshe ba. Malamin Bauchi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan gata, kuma yaron da ya tashi daga ajinsa ya nufi rumfar mahaifinsa a Muda Lawal ba zai sake jin cikakkiyar jimlar Turanci ba sai washegari.

Abin da aka riga aka gwada a gida

Najeriya ba ta bukatar zuwa Turai neman hujja. Daga 1970, Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranci gwajin shekara shida a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi. Yaran sun yi daidai da takwarorinsu ko sun fi su, har a Turancin kansa. Abin da ake yawan mantawa shi ne yadda aka shirya gwajin: an rubuta littattafai, an ƙirƙiro kalmomin kimiyya da lissafi, an horar da malamai, kuma a ajin gwaji na farko ƙwararren malami aka ware wa darasin Turanci.

A Bauchi ma an gwada. Shirin “Mu Karanta” da aka gudanar a wasu ƙananan hukumomin Bauchi da Sakkwato bayan 2015 ya koyar da karatu da Hausa daga aji ɗaya zuwa uku, yana shigo da Turanci mataki-mataki. An ba kowane malami jagorar darasi, an ba yara littattafai, an kuma sa masu bibiya suna shiga aji suna gyara wa malami. Da kuɗin ƙasar waje aka yi shi, kuma rufe USAID a 2025 ya nuna haɗarin jingina ilimin yara da aljihun wani.

Tarihin garin ma shaida ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a tsarin da ake fara karatun boko da Hausa, ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. Shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, kuma shi ne wanda Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. A wannan makaranta Malam Aminu Kano ya koyar, a zamanin da yake tare da Sa'adu Zungur. Gaskiya ne cewa 'yan ƙalilan ne suka sami wannan dama, amma abin da ya fitar da su sananne ne: tushe da harshen da suka sani, da malaman da suka san Turancin da suke koyarwa.

Maƙwabta ma suna ta juya wannan batu. A watan Oktoban 2025, makonni kaɗan kafin sanarwar Abuja, Ministan Ilimin Ghana, Haruna Iddrisu, ya ba da umarnin koyar da ƙananan yara da harshen gida. Jamhuriyar Nijar, wadda ta fara gwajin makarantu masu harshe biyu tun 1973, ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Bankin Duniya kuwa ya ƙiyasta a 2021 cewa kashi 37 cikin 100 na ɗalibai a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ana koyar da su da harshen da ba su fahimta.

Abin da ke hannun ma'aikatan tarayya

Ilimi yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hurumi a kai tare, kuma hukumomin SUBEB ne ke ɗaukar malaman firamare da tura su. Amma manyan makullai suna Abuja. Hukumar NCCE ce ke tsara abin da ake koya wa ɗaliban NCE a kwalejoji irin su Kwalejin Aminu Saleh ta Azare da ta Kangere. NERDC ce ke da manhaja, TRCN ke ba da lasisi, UBEC kuma ke riƙe da kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da dokar 2004 ta ware, wanda a cikinsa akwai kason horar da malamai da na kayan koyarwa.

Ko da Turanci ne zai zauna a matsayin harshen koyarwa, akwai ayyukan da ba sa jiran a sake wata muhawara. Na farko, takardar aiwatarwa ta fito fili ta halatta wa malami yin bayani da harshen da yaro ya sani, ta kuma haramta hukunta yaro saboda harshen gidansu. Na biyu, ƙidayar makarantu ta shekara-shekara ta ƙunshi tambaya kan harsunan da yara ke ji da waɗanda malamai ke ji, domin kada a tura wanda ba ya jin Fulatanci ajin farko a makarantar makiyaya alhali ga mai ji an ajiye shi a cikin gari. Na uku, kowane ɗalibin NCE mai shirin koyar da ƙananan azuzuwa ya koyi yadda ake koyar da karatu, da yadda ake koyar da Turanci ga wanda ba harshensa ba ne, da yadda ake tafiyar da aji mai harsuna da yawa. Na huɗu, littattafan “Mu Karanta” da malaman da aka horar a kansu suna nan, kuma sake buga littafi ya fi rubuta sabo araha. Na biyar, ma'aikatar ta wallafa alƙaluman da ta dogara da su, jiha-jiha, domin masana su auna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ya shiga kwalejin ilimi a bana sai bayan shekara uku zai fito da NCE, kuma yana iya kai shekara talatin ko fiye yana koyarwa. A tsawon wannan lokaci ministoci da yawa za su zo su wuce, wataƙila manufar harshe ta sake juyawa. Abin da aka koya masa a Azare ko Kangere shi ne zai shiga aji da shi kowace safiya, don haka a kasafin kuɗin horar da shi ne za a gane ko da gaske ake yi.